Hancin Da Ba Ya Barci: Abubuwan Mamaki 16 Kan Na'urorin Shinshinar Iska

Duk wanda ya ratsa GRA ta Bauchi da daddare bayan an ɗauke wuta ya san rurin janareta daga bayan katangu, ya kuma san ƙaurin hayaƙin fetur da ke bin layi. A cikin gidajen akwai tukunyar gas a kicin, tagogi a rufe ruf saboda sauro da ƙura, wani lokaci har da kaskon garwashi idan hunturu ya tsananta. Iskar irin waɗannan ɗakuna tana ɗauke da baƙin da ido ba ya gani, wasunsu ma hanci ba ya ji. Masana sinadarai sun daɗe suna ƙera na'urorin da za su shinshino su, kuma sirrin yawancin na'urorin yana cikin abubuwa masu ƙananan kafofi: gawayi, yumɓu, garin kuza, da wasu sababbin sinadarai da aka gina a ɗakin gwaji. Ga kaɗan daga cikin abubuwan mamakin wannan fanni.

1. Mai kisa ba shi da wari

Janareta da garwashi suna fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Ƙaurin da muke ji na sauran hayaƙin ne. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya, don haka da zarar ta shiga huhu sai ta ƙwace wurin. Ana farawa da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, sai kasala, sai barci mai nauyi. Shi ya sa idan aka wayi gari mutanen ɗaki guda sun sheƙa gaba ɗaya, ake zargin abincin dare ko a ce iskokai ne. Abin da ya fi tayar da hankali: garwashin da ya daina hayaƙi, ya yi jajir gwanin kyau, yana nan yana fitar da ita.

2. Ma'aunin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta

Ana auna irin wannan iska da kashi cikin miliyan, wato kamar naira 1 a cikin naira miliyan 1. Kashi 400 kacal cikin miliyan na kabon monoksaid yana sa ciwon kai cikin awa ɗaya zuwa biyu, bayan awa uku kuma rai na cikin haɗari. Idan ta haura kashi 1 cikin 100, mintoci kaɗan take buƙata. Wasu na'urorin yau suna gano kashi ɗaya cikin biliyan.

3. Kanari ne na'urar farko

Wannan ɗan tsuntsun da ake ajiyewa a keji a ƙofar shago don daɗin kukansa ya taɓa zama ma'aikacin ceto. A shekarun 1890 masanin Birtaniya John Scott Haldane ya ba da shawarar masu haƙar kwal su riƙa shiga rami da ƙaramar dabba, domin guba takan kayar da ita kafin ta kayar da mutum. Kanari ya fi dacewa saboda yana jan iska da sauri. Idan ya yi shiru ya faɗo daga kan sandarsa, kowa sai ya kama hanyar fita. Har keji aka ƙera mai ƙaramar tukunyar oksijin don farfaɗo da shi. Sai a 1986 Birtaniya ta sallami kanari, na'urar lantarki ta gaje shi.

4. Warin gas ɗin girki, da gangan aka zuba shi

Iskar gas da ke cikin tukunyar kicin kusan ba ta da wari. Wannan ɗoyin da ke tashi idan tiyo ya huje na wani sinadari ne mai suna makaftan, wanda ake zubawa kaɗan don hanci ya ankara. Darasin da tsada aka saye shi. Ranar 18 ga Maris 1937 gas ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Texas a Amurka ba wanda ya ji, ya fashe, ya kashe mutum kusan 300, yawancinsu yara. Bayan haka jihar ta kafa dokar sa wa gas wari, sauran duniya ta biyo baya.

5. Hanci gwani ne, amma ba mudu ba ne

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Hanci ma haka. Ƙanshin ƙasa na ruwan farko, wanda ke tashi daga busasshiyar ƙasa a farkon damina, wasu ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa ne ke samar da sinadarinsa mai suna jiyosmin, kuma hancin mutum yana jinsa ko da 'yan kashi ne cikin tiriliyan. Muna da nau'in masu karɓar wari kusan 400 a cikin hanci. Linda Buck da Richard Axel sun karɓi kyautar Nobel a 2004 kan gano yadda suke aiki. Amma hanci yana gajiya, yana sabawa, mura tana toshe shi, kuma idan mutum ya yi barci ba ya tashinsa. A 1982 Krishna Persaud da George Dodd na Jami'ar Warwick a Ingila suka haɗa na'urori da yawa wuri guda don kwaikwayonsa, aka sami abin da ake kira hancin lantarki.

6. Kuzar ƙasar Bauchi da ƙararrawar kicin

A 1962 wani ɗan Japan mai suna Naoyoshi Taguchi ya ƙirƙiro na'urar da har gobe ita ce zuciyar yawancin ƙararrawar gas ta gida. Garin kuza mai haɗe da oksijin ya gasa, ya zama ɗan dunƙule mai cike da kafofi, ya ratsa masa siririyar waya da ke ɗumama shi zuwa digiri 300 ko 400. A iska mai tsabta oksijin yakan manne a jikin ƙwayoyin garin ya tare wa lantarki hanya. Da gas ya shigo ta kafofin sai ya kwashe oksijin ɗin, lantarki ya sami hanya, ƙararrawa ta ɗauka.

Wannan sinadari shi ne ainihin baƙin tsakuwar kuza da ake wankewa a rafukan Jos, Bukuru da yankin Toro. Mutanen Riruwai sun iya narka shi tun kafin zuwan Turawa. Har zuwa 1926 tsaunukan Jos suna cikin Lardin Bauchi, shi ya sa ƙaramin layin dogon da aka shimfiɗa daga Zariya don kwasar kuza, wanda ya isa Bukuru a 1914, aka sa masa sunan Bauchi. Har aka rufe shi a 1957 bai taɓa shiga garin Bauchi ba.

7. Rariyar da ke tankaɗe iska

Na'urar Taguchi tana da aibi guda: ba ta da zaɓi. Gas, turaren fesawa, maganin sauro, hayaƙin suya, duk tana iya amsa musu. Maganin shi ne a sa mata rariya a baki. Kamar yadda rariya ke barin gari ya wuce ta riƙe tsaki, haka wani ma'adini mai suna ziyolait ke barin ƙananan ƙwayoyin iska su shige ya tare manya. Axel Cronstedt na ƙasar Suwidin ne ya fara bayyana shi a 1756, bayan ya ga dutse yana tururi da aka gasa shi, saboda ruwan da ke ɓoye cikin kafofinsa. Kafofin ba su kai nanomita ɗaya ba, alhali kaurin gashin kai guda ya kai nanomita kusan 80,000. Akwai nau'in da ake kira 3A: ruwa yana shiga kafarsa, barasa ba ta iya shiga.

8. Farar ƙasar Alkaleri da Kankara

Ana iya dafa ziyolait daga farar ƙasa, wadda masana ke kira kawolin, kuma Allah ya hore mana ita a Alkaleri ta jihar Bauchi da Kankara ta jihar Katsina. Ana gasa ta a digiri 600 zuwa 800, a kwaɓa da ruwan soda mai ƙarfi, a bar ta cikin zafi na wasu awanni, sai ƙwayoyinta su sake jeruwa su zama masu kafofi iri ɗaya. Masu bincike a sashen injiniyancin sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun yi ziyolait daga ƙasar Kankara. Wanda ya taɓa jinyar mai ciwon numfashi ya ga aikinsa: injin oksijin da ake jonawa da wuta a gefen gadon asibiti, ziyolait ne a cikinsa. Iska kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Ziyolait ɗin ne yake riƙe naitirojin ya saki oksijin mai tsabtar sama da kashi 90.

9. Gawayi ba na girki kaɗai ba ne

Idan aka ƙona ɓawon kwakwa ko itace, aka bi gawayin da tururi mai zafin digiri 800 zuwa 1,000, sai ya cika da ramuka har faɗin cikinsa ya kai murabba'in mita 1,000 a giram ɗaya. Da irinsa Nikolai Zelinsky na Rasha ya yi takunkumin kare sojoji daga iskar guba a 1915. Amma gawayi yana da wata tawaya: ba ya riƙe kabon monoksaid sosai. Masu ƙera ƙararrawa sai suka mai da tawayar riba. Suna sa shi a bakin na'ura ya shanye turare da barasa, ita kuwa gubar ta wuce kai tsaye zuwa inda za a gane ta. Wannan yana nufin takunkumin gawayi ba zai ceci mai barci kusa da janareta ba.

10. Filin ƙwallo a cikin giram ɗaya

Akwai sababbin sinadarai da ake kira MOF, waɗanda ake ginawa da ƙwayoyin ƙarfe a matsayin kusurwa da sandunan sinadarin kabon a matsayin ginshiƙi, tsakiyarsu kuma fayau. Richard Robson na Jami'ar Melbourne ya fara gwada ginin a 1989. Susumu Kitagawa na Japan ya nuna a 1997 cewa iska tana shiga tana fita ba tare da ginin ya rushe ba. Omar Yaghi ya fito da MOF-5 a 1999. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta sinadarai a 2025. Wasu daga cikin waɗannan sinadarai faɗin cikinsu ya wuce murabba'in mita 7,000 a giram ɗaya, cikakken filin ƙwallo kuwa kusan 7,140 ne. Wanda ya taɓa zama a filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa yana kallon Wikki Tourists ya ƙiyasta wannan fili duka a cikin giram ɗaya na irin wannan sinadari. Babban amfaninsu shi ne mai ginin ne ke zaɓar girman kafa. Wani mai suna ZIF-8 bakin kafarsa nanomita 0.34 ne, idan aka lulluɓe na'ura da shi, haidirojin yana wucewa cikin sauƙi, manyan ƙwayoyi irin na benzin kuma su sha wuyar shiga.

11. Yaron da ya taso yana jiran ruwa

An haifi Yaghi a Amman ta Jodan a 1965, a gidan Falasɗinawa 'yan gudun hijira, a ɗaki guda da dabbobinsu. Ruwan famfo sai bayan mako ɗaya ko biyu yake zuwa unguwarsu. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Amurka karatu. Da ya zama farfesa a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, shi da abokan aikinsa suka haɗa akwati mai ɗauke da MOF da ke tsotse laima daga iskar hamadar Arizona da dare, zafin rana ya fito da ita ruwa. Ya karɓi kyautar Sarki Faisal ta kimiyya a 2015. Duk ɗan Sahel ya san darajar wannan aiki.

12. Nauyi, haske, launi

Kama iska abu ɗaya ne, sanar da mutum wani abu ne. Hanya ta farko nauyi: ana shafa sinadari mai kafofi a jikin ɗan dutsen kwaz, irin wanda ke karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa a cikin agogon hannu. Iskar da ta maƙale takan ƙara masa nauyi ya rage gudu, kuma tun 1959 Günter Sauerbrey na Jamus ya fitar da lissafin da ke auna ƙarin da bai wuce kashi ɗaya cikin biliyan na giram ba. Ta biyu haske: Timothy Swager na cibiyar MIT ya haɗa wata roba mai kafofi mai ƙyalli, wadda haskenta ke dusashewa da tururin nakiyar TNT ya taɓa ta, da ita aka yi na'urar Fido ta neman bama-bamai. Ta uku launi: tun 1937 kamfanin Dräger na Jamus ke yin siririn bututun gilashi cike da tsakuwa mai kafofi da aka jiƙa da sinadari. A fasa bakinsa, a zuƙo iska, tsawon inda ya rine shi ne yawan gubar. Ɗan ƙunshin farar tsakuwa da ake samu a kwalin sabon takalmi ɗan gidansu ne.

13. Ɗoyin da ke kashe hanci kafin ya kashe mutum

A ƙasan tsohuwar rijiya, shadda da sokawe ana samun iskar haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Hanci yana jinta tun tana ƙasa da kashi 1 cikin miliyan. Da ta kai 100 zuwa 150 sai ta kashe jijiyar jin wari, mutum ya zaci ta wuce. Daga 700 zuwa sama, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da ƙato. Ta fi iska nauyi, don haka a ƙasa take kwanciya. Abin takaici, wanda ya fara shiga ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi ceto, shi ma ya faɗi. Dabarar masu haƙar rijiya ta zura fitila tana nuna ƙarancin oksijin ne kawai. Wuta na iya ci lafiya lau alhali guba na nan. Ma'aikatan rijiyoyin mai kan maƙala ƙaramar na'ura a ƙirji mai sa ido kan iska huɗu lokaci guda. Aikin man Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Nuwamba 2022, yana buƙatar matasan da suka iya saita irinta. Mai yasar rijiya a unguwa ma ransa bai fi na kowa arha ba.

14. Tafkin da ya yi numfashi

Daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos na Kamaru ya saki iskar kabon dayoksaid da ta daɗe a ƙasansa. Ta gangara kwaruruka ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kusan 3,500, ciki har da Fulani makiyaya da shanunsu. A 2001 aka kafa bututu a tsakiyar tafkin don iskar ta riƙa fita a hankali.

15. Numfashi, tumatir da kayan ɗaki

A 1971 Linus Pauling ya gano sinadarai kusan 250 a numfashin mutum. Asiton yakan ƙaru idan jiki ya koma ƙona kitse, kamar ga mai azumi ko mai ciwon sukarin da ya tsananta. Amoniya kuma takan ƙaru ga mai ciwon ƙoda. Ana neman na'urar da majinyaci zai hura kawai maimakon huda yatsa.

Tumatir, mangwaro da ayaba ma suna numfashi. Suna fitar da iskar etilin, wadda ƙasa da kashi 1 cikin miliyan ta isa ta gaggauta nunar na kusa da su. Wake ɗaya ke ɓata gari: tumatir guda da ya fashe a kwando yana hanzarta sauran kafin mota ta isa Legas. Akwai ƙunshin ziyolait da aka jiƙa da wani sinadari shuɗi mai ja-ja, yana shanye etilin, idan ya ƙoshi ya koma ruwan ƙasa.

Warin nan mai sa ido yaji a ɗakin amarya da aka jera sababbin kabad da gado, sau da yawa fomaldihaid ne daga gam ɗin katakon da aka matse. Tun 2004 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa shi cikin masu jawo sankara, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙayyade miligiram 0.1 a kowace kubik mita ta iskar ɗaki. Zafi yana ƙara fitarsa. A buɗe tagogi kafin a kai amarya.

16. Gafiya ta ci lambar zinare

Ƙungiyar APOPO da ke Morogoro a Tanzaniya tana horar da gafiyar Afirka shinshinar nakiya, domin nauyinta bai isa ya tayar da ita ba. Wani mai suna Magawa ya gano nakiyoyi da bama-bamai sama da 100 a Kambodiya, aka ba shi lambar zinare a 2020, ya mutu a Janairu 2022. 'Yan'uwansa suna duba majinar masu tarin fuka, samfur 100 cikin kusan minti 20. Har yanzu injiniyoyi suna bin sawun wannan hanci.

Aikin da ya rage namu ne

Babban abokin gabar waɗannan na'urori ruwa ne. Ƙwayar ruwa ƙarama ce, kusan kowace kafa tana shiga ta cika wurin. MOF-5 kansa laima tana lalata shi. Iskar Bauchi kuwa a Janairu busasshiya ce ƙayau, ɗauke da ƙurar da hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi, a Afrilu zafi ya kai digiri 40, a Agusta ta jiƙe sharkaf. Na'urar da aka saita a ɗakin gwaji mai sanyi a Turai tana buƙatar wanda zai gwada ta a nan. Wannan aikin Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ne a Yelwa da Gubi, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji. Kuza, farar ƙasa da gawayi duk muna da su.

Kafin nan, kowane magidanci yana da nasa. Janareta ya zauna a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ba a gareji ko lungun baranda ba, ko da ana ruwa ko ana tsoron ɓarawo. Kada a kwana da garwashi a ɗaki. Ƙararrawar gas ɗin girki a kafa ta ƙasa-ƙasa kusa da tukunya, domin gas ɗin ya fi iska nauyi. Ta kabon monoksaid kuma kusa da ɗakunan barci. A duba kwanan watan da ke bayanta, domin yawanci shekara 5 zuwa 10 take yi ta mutu ko da fitilarta na ci. Idan aka ji warin gas, kada a taɓa makunnin wuta. A rufe tukunya, a buɗe ƙofofi, a fita. Masu gidajen haya da masaukan baƙi na GRA su fara, su sa wa ɗakin maigadi ma, domin shi ne ya fi kowa kwana kusa da janareta.